Motar da Ba a Rufa wa Bargo Ba

Erchim bai taɓa yin abin kirki da za a tuna shi da shi ba. Iyakar tarihinsa, ya ɗan zauna a kudu, bakin teku, yana wanke kwanuka a gidan abinci. Tun da ya dawo Yakutsk, garinsu mai tsananin sanyi, ya ishi jama'a da labarin yadda wayayyu ke tuƙi. Ya sayi wata farar mota, kullum yana goge ta kamar farantin baƙi.

Da sanyi ya kawo kai, kowa ya manna gilashi na biyu a kan na gaba don kada ƙanƙara ta tare masa gani, ya naɗe inji da bargon gashi, ya toshe hancin mota da kwali. Gogan naka ya ƙi.

Afanasi, tsohon bakaniken layinsu, ya ce, "Kai yaro, kawo ta in yi mata sutura."

"Haba Baba! In lafta wa wannan motar salatif? Ai sai ta koma irin taku, kamar mai ciwon haƙori."

"To, a sauka lafiya, ɗan kudu."

Abin da ya rufa masa asiri, a gareji mai ɗumi take kwana, kuma ba ta wuce cikin gari. Sai ga saƙo daga ƙauye, hayin kogin Lena: Fedora, ƙanwar mahaifiyarsa, jiki ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai yayarta Motrona, mahaifiyar Erchim.

Motrona ta ce, "A kira min Afanasi ya kai ni."

"Inna, ina da mota ki shiga ta wani? So kike a yi min dariya?"

Tsohuwa ta shiga don kada ta kunyata ɗanta.

Suna tsallake daskararren kogin gilashi ya yi fari fat. Yana tuƙi yana kankarewa da farce, har ya gaji ya tsaya a wata rumfar shayi. Nan ya yi abin da ko ɗan firamare ba zai yi ba: ya kashe inji, ya ja birkin hannu.

"Erchim, ban ji ƙarar mota ba."

"Inna, shayi kawai zan kurɓa. A kudu ba a barin inji yana aikin banza."

Ya sha, ya ƙara, ya tsaya ba mai shayi labarin teku. Ko da suka fito, man inji ya daskare kamar man shanu, birki ya riƙe taya gam. Ya murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba.

Sai da yamma wani mai motar kifi ya ɗauki Motrona. Ta tarar Fedora ta cika, ko shayin da ke gefen gadonta bai huce ba.

Motar ta zauna a bakin hanya har ƙanƙara ta narke, duk mai wucewa ya san mai ita. Motrona ba ta zage shi ba, ba ta ma sake kallonsa ba. Bayan jana'iza ta ba Afanasi bargon da ke gadon Fedora.

Ta ce, "Kai masa. Ya rufa wa motar, ita ba ta yi min komai ba."