Zuwa Kumasi Neman Giyabos

Maamobi

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da Yaya Sule. Shi ke gaba da sandarsa, ni ina riƙe da jakar sifana. Motar tserenmu, wata tsohuwa da muka haɗa da hannunmu a garejinmu, giyarta ta uku ta mutu, ga gasar 'yan sha'awa da ake yi a wani fili bayan gari ta kusa. Da can Yaya ke tuƙa ta. Tun da babur ya karya masa ƙafar hagu bai sake iya taka kuloci ba, sai sitiyari ya dawo hannuna. Mun zaga kasuwar kayan mota ta Accra ba mu sami giyabos ɗin da muke so ba, aka ce mu nufi Suame, kasuwar makanikai ta Kumasi.

Hanya

Tirotiro, ƙaramar motar haya, ya kai mu tashar Circle, muka shiga babbar bas. A Nsawam na sayi burodi ta taga. Yaya bai ci ba, lissafi yake yi min da yatsu: giya biyar ta hannu, masu kusa da juna, don mota ta riƙa fizga daga kwana. Bayan Nkawkaw 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗayansu ya ga sifanoni ya ce, "Masta, wa za ku kwance?" Yaya ya ce, "Mota ce, ofisa, kuma tamu ce." Ya yi dariya ya sauka.

Suame

Ban taɓa jin ƙarar guduma irin ta wurin nan ba. Aka yi mana kwatancen shagon Hajiya Rabi, wata 'yar Bawku da ta gaji sana'ar mijinta. Ta sa aka ciro mana irin wanda Yaya ke so. Na juya sandar giyabos ɗin, haƙora lafiya, mai ba garin ƙarfe. Har mun fara ciniki sai na hango wani a lungu, da wayoyinsa a naɗe.

"Hajiya, wancan fa?"

"Otomatik ne, ɗana, amma da hannu ake canza shi, a jikin sitiyari. Ba kuloci. Ya fi nauyi, kuma sai ka sa masa ƙaramin lagireto, in ba haka ba mansa ya tafasa."

Na dubi Yaya. Ya kau da kai.

"Kada ka soma, Bashiru," in ji shi. "Da wannan ba za ka zo ko na biyar ba."

"Ni ba zan zo ba. Kai fa?"

Ya fita waje. Hajiya ta ce, "Ku je ku kwana a kai. Ba inda zai je."

Aboabo

Mun sauka a unguwar Aboabo, gidan Kawu Isa, ƙanin mahaifiyarmu, aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Da safe na zauna da Yaya muna shan koko. Ya ce, "In na ji tsoro fa? Tun ranar da na karye ko a bas gabana faɗuwa yake." Na ce, "Sai mu zagaya filin a hankali har ya daina." Ya shanye kokonsa ya ce, "Tashi. Ka tabbata Hajiya ta haɗa mana otomatik ɗin da ƙwaƙwalwarsa ta lantarki da duk wayoyin."

Gida

Yaran mota suka yi ta mita kan nauyin kayan kafin su tura shi ƙarƙashin bas. Mun iso Maamobi ana kiran la'asar. Aikin ɗaurawa ya ci mu fiye da zato, har gasar ta wuce ba mu shiga ba. Amma ran da muka kai motar filin, Yaya ya miƙo min sandarsa ya zauna a kujerar direba. Zagayen farko kamar mai kai amarya. A na uku na ji injin ya buɗe murya, giya na shiga bi da bi. Da ya tsaya bai fito ba, ya sauke gilashi, idonsa jawur, ya ce, "Birkin baya na ja gefe. Gobe ka duba min."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kawu Isa, da Hajiya Rabi da ta bar mu muka kwana a kai.