Saniyar da Ba Ta da Tozo

Jikana ya buɗe mini littafinsa na makarantar dabbobi, sai ga hoton wata guntuwar saniya baƙa, gadon bayanta shafal. Ni ban iya karanta ko baƙi ɗaya ba, wata uku na yi a makaranta malam ya gode wa Allah da na gudu. Amma ita na gane ta.

Irinta kakana ya koro daga kurmi, shekarar da ya je fataucin goro, Turawa ba su daɗe da zama ba. Mu a Illela shanun bokolo muka sani da na rahaji, kowacce da tozonta. Wannan kuwa ba tozo, tsayinta iya ƙirjina. Ni ke ba ta harawa, tana lasar mini kai da harshenta mai kaushi. Ranar da kaka ya ce da ita zai yi layya, na tashi na bar tuwona.

Na san malamin unguwa ya ce ba a layya da naman daji. Sai na bi gida-gida ina raɗa wa mutane cewa ɗiyar ɓauna ce, da kunnena na ji. Kwana biyu magana ta kai masallaci. Malam ya zo, ya zagaya ta, ya ce, "Wagga dai ban ga tozo ba. In ta daji ce, layyarka ba ta yi ba." Kaka ya daina fita zaure don kunya.

Ana haka wani Baturen shanu ya sauka garin da tafintansa, yana auna ƙahoni da igiya yana rubutawa. Kaka ya ja ta har gabansa, rabin gari na biye. Bature ya duba haƙoranta, ya yi dariya. Tafinta ya ce saniya ce tsantsa, ɓauna gidanta daban. Na ce shi ke nan, wuƙa ta hau.

Sai tafinta ya ƙara da cewa a littafin Bature ita da shanun ƙasarsu layi ɗaya suke, su ma ba su da tozo. Namu masu tozo su ne aka ware gefe.

Wani tsoho ya fara salati. Kaka ya saki igiya, ya ce, "Mi? Dangin shanun Nasara nika ba harawa cikin gidana?" Ya rantse ba zai kai ta gaban Allah ba, rago ya yanka.

Ni na sha bulala har zama ya gagare ni, don an gano bakin da ya fara zancen. Ita kuwa tsufa ya kashe ta.

Yanzu jikana yana jero mini sunayen shanu da yaren da ko Bature sai ya ciji harshe. Na tambaye shi ko har yau layinsu ɗaya. Ya ce e. Na ce to kada wanda ya gyara, wannan layin ya taɓa ceton rai.