Umeboshi a Kan Sirdin Iwao

Duk shekara idan zafi ya kankama, garinmu kan yi gasar nan ta wahala uku: a yi iyo a teku, a fito a hau keke a zagaye duwatsu, a sauka a ƙarasa da gudu. Baƙin da ke zuwa kallo ba sa rasa tambayar wane ne tsohon nan da ke fitowa daga ruwa ya je gaban kekensa ya tsaya ƙiƙam, ruwa na ɗiga daga jikinsa, kowa na wucewa shi ko gezau. Wasu marasa ta-ido har dariya suke yi, wai tsufa ya sa ya manta abin da ya kawo shi. Mu da muka san abin da ya tsayar da shi ba ma dariya.

Sunansa Tsuneo Moriwaki, mai aski ne. Shagonsa na bayan tashar jirgin ƙasa, kujera biyu ce a ciki, ɗayar ma ta daina juyawa tun zamanin mahaifinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa na aure a Osaka. Yana da shekara hamsin da 'yan kai likita ya ce masa ko ya rage tumbi ko tumbin ya rage masa kwana, sai abokinsa na ƙuruciya, Iwao Adachi mai raba wasiƙu, ya ja shi cikin gasar kusan da ƙarfin tsiya.

Iwao ɗan masunta ne, a ruwa ya girma. Tsuneo kuwa idan yana iyo sai ka ce mutum ne ke kokawa da bargo cikin barci. A keke yana taɓukawa, a gudu ma wani lokaci yakan kamo abokin nasa, amma a ruwa sai dai a yi shiru. Tun da safe ake rataye kekuna a jikin dogayen ƙarafa a filin bakin teku, kowa da lambarsa, kuma da yake sa'annin juna ne, kullum kekensu na kusa da juna. Duk shekara Tsuneo zai fito yana tangaɗi ya tarar wajen Iwao wayam, a kan nasa sirdin kuma an ajiye masa umeboshi guda a ƙulle cikin 'yar leda. 'Ya'yan itacen nan ne da ake jiƙawa da gishiri, masu tsamin da ke sa mutum runtse ido, 'yan tsere na ci don kada jijiya ta ɗaure. Fumie, matar Iwao, ita ke haɗa su da hannunta. Amma Iwao ba don jijiyar kowa yake ajiyewa ba, tsokana ce zalla, wato na wuce, sai ka taho.

Abin ya tsaya wa Tsuneo a rai. Bai taɓa mafarkin cin kofin gasar ba, abu ɗaya yake so a duniya: sau ɗaya tak ya riga Iwao fitowa daga ruwa. Shi ma ya riƙa ƙulla tasa umeboshin yana sakawa a 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, shekara da shekaru kuma shi ke cinye abarsa a hanya.

Ranar jajibirin gasa Iwao kan zo aski, ba ya fashi. A shekarar da abin ya faru, dukansu sun haura sittin, ya zauna yana cewa, “Rage min sosai, Tsune, kada gashi ya ja ni baya.”

“Wane gashin? 'Yar ciyawar nan? Kunya ma nake ji in karɓi kuɗinka.”

“Kai dai yi hankali da kunnena. Da shi zan ji gobe idan ana kiran masu kwalekwale su zo su tsamo ka.”

“Gobe zan riga ka, Iwa. Duk hunturun nan ina kwamin iyo kana gida kana dumama ƙafa.”

“Ka riga ni ina? Bayan gida?” Iwao ya ƙyalƙyale da dariya har sai da almakashi ya dakata. “To ji nan, tsohon banza. Ranar da ka riga ni, duk abin da ka ajiye min a gaban mutanen gari zan ci, har ƙwallon.”

Washegari teku ta tashi da 'yar igiya. Tsuneo ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi, ya fito, ya tarar da ƙarafan kusan duk an kwashe kamar kullum. Sai ya ga babu komai a kan sirdinsa. Ya dubi gefe, ga shuɗin keken Iwao a rataye, takalmansa a jere a ƙasa, hular kwano a kife a kai.

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda bai yi ba tun rasuwar matarsa. Ya zaro ƙullinsa ya ɗora a tsakiyar sirdin Iwao, har da ɗan gyara masa zama. “Ka ci, tsohon kifi! Har ƙwallon!” Ya hango mutane sun yi cincirindo a jikin wani kwalekwale can bakin ruwa, ya kuma ji jiniya, ya ce a ransa wani sabon shiga ne ya shaƙi ruwa. Abin da ke cin ransa har yau shi ne ya san abin da kowane tsohon ɗan gasa ya sani: idan keken gwanin iyo ya saura a ƙarfe, to ba lafiya ba. Murna ce ta rufe masa ido, ya hau kekensa ya tafi.

Bai taɓa tuƙi mai daɗin na ranar ba. A kowace kwana sai ya waiga, yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa wa Iwao idan ya kamo shi. Da aka sauka aka fara gudu, ya biyo ta layin da Fumie kan tsaya da tiyon ruwa tana fesa wa masu wucewa, ya ga tiyon a yashe yana zuba shi kaɗai. Sai ya lallashi kansa cewa ta je ƙarfafa wa mijinta gwiwa ne, tunda yau shi ne a baya. Sai a bakin layin ƙarshe shugaban gasar ya taro shi ya kama masa hannu biyu. Zuciyar Iwao ce ta tsaya a tsakiyar ruwa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Tsuneo ya je jana'iza, ya ƙona turare, ya sunkuya, bai iya ɗaga ido ya dubi Fumie ba. Daga nan ya daina bi ta layinsu, ko da kuwa zai yi doguwar kewaya. Sai da ganye ya fara zuba ita ta zo shagon da kanta, da ɗan ƙaramin faranti a naɗe cikin ƙyalle. Ta zauna a kujerar da ba ta juyawa, ta kira sunansa haɗe da “san” ɗin girmamawa.

“Tsune-san, ni na je na ɗauko kekensa ranar.”

Ya dafa madubi. “Na yi dariya, Fumie-san. Ana can ana danna masa ƙirji, taku kaɗan tsakaninmu, ni ina tsaye ina dariya.”

“Na sani. An ce har wajen 'yan kallo an ji ka.” Tsuneo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. “Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ma wani lokacin ina ji. Amma umeboshin da ka ajiye masa tana gaban hotonsa, tunda ya ce zai ci. Ba na so a ce mijina ya yi magana biyu.”

Ta kwance ƙyallen. Ƙulli ɗaya ne a farantin, irin ɗaurin da ya sani. “Wannan a jakar kekensa na same ta. Taka ce, bai samu ya ajiye maka ba.”

Tsuneo ya karɓa da hannu biyu, ya yi kukan da ya kasa yi a jana'iza.

Tun daga wannan shekara bai fasa shiga gasar ba, bai kuma sake kammala ta ba. Idan ya fito daga ruwa sai ya tsaya, ba zai hau ba sai kowane keke ya ga mai shi. Alƙalan gasa sun yi magiya sun gaji. “Moriwaki-san, lokaci na tafiya fa!” Sai ya ce, “Akwai saura ɗaya can.” Kafin na ƙarshe ya fito yana tari, an kusa rufe hanya, don haka a wani ƙauye cikin duwatsu motar kwasar waɗanda suka makara kan cim masa, ya shiga ba gardama.

Akwai kuma abin da baƙi ba sa gani, don da sassafe yake yinsa kafin a busa usur. Umeboshi ba ta lalacewa, ta Iwao tana nan, ta bushe ta yi baƙi, ledar ce kawai yake sauyawa. Yakan ɗora ta a kan sirdin kekensa sannan ya gangara teku. Idan ya fito yana tangaɗi, sai ya tarar da ita tana jiransa, ya girgiza kai ya ce a hankali, “Kai, Iwa. Ka sake riga ni.”