Yadda Heluman Masaƙa Ya Koya Mini Tambaya

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba na jin zai ɗauke makonni shidan da na yi ina zarya a Bompai, unguwar masana'antu ta Kano, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka ce kowa ya yi bincike ya rubuta. Wanda aikinsa bai karɓu ba sai ya maimaita shekara. Mahaifina kuwa ya riga ya sanar da kowa a unguwa cewa bana zan fito malami.

Abokaina suka zaɓi ƙananan abubuwa, wani rijiyoyin ƙauyensu, wani wasannin yara. Ni da nake ganin kaina ya fi ƙarfin rijiya, sai na rubuta: "Masana'antu da Rayuwar Ɗan Adam a Ƙasar Kano." Malamin da ke duba mu ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Madalla," in ji shi. "Jikokinka ne za su ƙarasa, ko kai kaɗai za ka yi?"

Na ce ai mako shida ya isa.

"To mece ce tambayarka?"

Na nuna masa kan maganar. Ya ce wannan suna ne, shi tambaya yake nema. Na fita ina cewa a raina hassada ce kawai.

Na ari keken yayana, na sayi littafin rubutu mai kauri, na nufi Bompai. Da an busa jiniyar tashi sai in tare ma'aikata a bakin ƙofa, biro a hannu, in ce, "Malam, me za ka ce game da masana'antu?" Mutum ya yini a tsaye gaban inji, yunwa na cinsa, ga wani yaro da farin wando ya tare masa hanya. Amsar ɗaya ce: "Alhamdu lillahi." Wani ya ƙara da cewa, "Sai godiya." Na rubuta duka, har da sa lamba. Na je kamfanin sabulu, na je kamfanin matsar gyaɗa, na je majema inda wari ya koro ni kafin in buɗe littafi. Mako uku cur, na tara shafuka da yawa, kuma babban abin da na gano shi ne mutanen Kano suna gode wa Allah. Wannan ko kakata ta sani ba tare da ta hau keke ba.

Tsoro ya fara shigata. Wata rana da azahar ina zaune a gindin bishiya gaban wata masaƙa, sai heluman wurin, wato shugaban leburori, wani dattijo mai furfura da ƙurar auduga a hula, ya zo ya tsaya a kaina.

"Ɗan boko, kullum ina ganinka. Tambaya ka zo yi ko gaisuwa?"

Na karanta masa kan bincikena da murya irin ta rediyo. Ya gyaɗa kai.

"Lallai aiki ya same ka. Ni da ban yi boko ba, abu ɗaya ne ya dame ni. Ga damina ta faɗi, injuna sun fara zama babu mutane. Kowace shekara haka."

Na yi murmushin masana na ce, "Ai Baba, gona suke tafiya."

"Allah ya ƙara ilimi. Manaja ma haka ya ce, shi da ya zo daga ƙasar waje. To waɗanda suka zauna fa? Su duwatsu suke ci? Kusan duk wanda ke ƙarƙashina yana da gona. Me ya sa wannan ya tafi, wancan ya zauna?"

Na sauke biro. Na ce, "Ku ba ku sani ba?"

"Da na sani, da zan tsaya a rana ina magana da kai?"

Nan na buɗe sabon shafi. Na fara rubuta "ma'aikatan Kano," ya ce shi bai san ma'aikatan Kano ba, nasa ya sani. Na soke. Na rubuta "kowace damina," ya ce waɗanda suka tafi bara wa zai nemo mini su. Na sake sokewa. Abin da ya rage layi biyu ne: a cikin leburorin wannan masaƙa masu gona, su wa ke barin aiki a daminar bana, su wa ke zama, kuma me ya bambanta su? Na dubi layukan na ji kunya, don aikin ya yi mini ƙanƙanta.

Amma da na fara yi wa mutane wannan tambaya, sai baki ya buɗe. Waɗanda gonarsu ke kusa, kuma suke aikin yamma, da safe suke noma su zo. Masu aikin safe da 'yan nesa ba su da zaɓi, ko inji ko gero. Heluma ya ɗauki maganar ya kai ofis, aka bar masu gona a kusa su yi musayar lokacin aiki da waɗanda ba su noma. Ban ce na gyara duniya ba, amma mutane da dama ba su rasa aikinsu ba a wannan shekarar.

Malaminmu ya karanta shafukana goma sha biyu, ya sa hannu, ya tambaye ni wa ya taimake ni. Na ce wani dattijo ne da bai taɓa shiga aji ba. Ya ce, "Ya kamata mu ba shi takardar, kai kuma mu ba ka tsintsiya a masaƙa."

Na yi shekara talatin ina koyarwa bayan haka, kuma abin da na riƙe shi ne: in mutum bai iya faɗin wa zai tambaya, a ina, da abin da shi kansa bai sani ba, to bai fara bincike ba, yawo yake yi da littafi a hammata.