Ɗakin Mati da Ma'aikata Biyu

Mati manomin dawa ne a wani ƙauye gefen Ungogo, mutumin da bai iya yi wa na gaba musu ba. A shekarun da fetur ya yi tsada, wutar lantarki ta zama baƙuwa, birni ya fara cinye gonakinsu. Ya sayar da rabin tasa don ya gina wa matarsa Larai ɗakin bulo.

Gini ya kai linta sai ga ma'aikaci daga ofishin kula da gine-gine. Ya ce, "Baba, ƙara tsawo iska ta zagaya. An hana ɗakin da sai da fanka ake kwana."

Mati ya ce to, ya ƙara layi uku.

Ba a jima ba wani ma'aikacin ya zo, ya ɗaga kai. "Ka wuce ƙa'ida, za ka tare wa solar maƙwabcinka rana. Sauke."

"Ranka ya daɗe, ɗan'uwanka ne ya ce in ɗaga."

"Shi na iska ne, ni na tsawo."

Mati ya rasa wanda zai saɓa wa. Ya sauke layi ukun, sannan ya ɗauki diga ya haƙe ƙasan ɗakin har gwiwa, wai ciki ya yi tsawo, waje ya gajarce. Larai ta leƙo ta ce, "Malam, ɗaki kake yi mini ko rijiya?" Ya ci gaba da haƙa, don shi ma bai sani ba.

Da bazara ɗakin ya yi sanyi, da damina kuwa sai sun kwashe ruwa da ƙwarya. Ma'aikatan ba su sake dawowa ba, har yau Mati bai san ko ya bi doka ba.