Ta Gulbi Za Su Shiga

Ƙanena bai iya jin labari ya bari a kai ƙarshensa ba. Tun muna yara haka yake. In Inna ta fara tatsuniya, kafin ta kai tsakiya ya riga ya faɗi yadda za ta ƙare. In ya dace ya ishe mu da fankama, in ya kuskure ya ce Inna ce ta sauya labarin. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, amma bakin nan bai rage komai ba. Ni ina koyarwa a wata firamare a Wurno, inda aure ya kai ni. Shi kuma da damina yana ƙauyenmu kusa da Gandi tare da Inna da iyalinsa, da rani ya tafi Goronyo noman albasa a ƙasan madatsar ruwa.

A ranin da nake magana, wani littafin yaƙi ne ya kama mu. A waya yake fitowa babi-babi, wani kuma yana karanta shi da murya saboda waɗanda karatu ke ba su wuya. Labarin wani birni ne mai ganuwa a bakin gulbi, da wani sarkin bokaye da ya rantse sai ya ci shi da yaƙi. Bokan birnin ya binne asiri a kowace ƙofa, duk maƙiyin da ya taka sai ya makance. Rundunar sarkin bokayen a ƙungurmin daji take zaune. Marubucin ya ba ta wani dogon suna da ba mai iya riƙewa, sai muka gajarta, muka riƙa ce musu mutanen daji. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa a ƙasarmu haka ake kiran ɓarayin da ke shiga ƙauyuka da bindiga, don ba a son kama sunansu kai tsaye.

Muna da guruf na masu karatu a waya, 'yan Wurno da Rabah da Goronyo, kuma musun da muke yi ya fi littafin tsawo. Akwai wata malamar Islamiyya da kullum take cewa littafin cike yake da shirka, a ji tsoron Allah, amma duk babin da ya fito ita ke fara gama shi. Akwai wani tela a Rabah da haushinsa ɗaya ne, wai jarumin ya mutu an tashe shi da tsafi har ya daina jin tausayinsa. 'Yan mata suna ƙorafin babu soyayya, sai sara da suka. Ni kuwa abin da ke ba ni haushi shi ne bokan birnin, tsoho mai surutu, wanda in an zo yaƙi sai ya tsaya yana ba da tarihin kakanninsa. Wani lokaci mu rubuta, wani lokaci mu aika murya, amma ƙanena ba ya rubutu a guruf. Yana ban ruwa yana saurare, in abu ya taso masa sai ya danna waya ya aiko da saƙon murya.

Da littafin ya kai inda aka kewaye birnin, aka rasa ta inda rundunar za ta shiga, sai ga saƙonsa. Na saurare shi ina tankaɗe, har na yi dariya.

"Ku saurara ku ji," in ji shi, "ni na san ta inda za su shiga. Mutanen daji ba ta ƙohwa za su biyo ba, ta gulbi za su shiga, yanzu da ruwa yaj janye. Kuma ranak kasuwa za a yi ta, sa'adda hankalin kowa yat tahi ga ciniki. Akwai mutuminsu cikin gari, shi ka kai musu labari. In ba ta tabbata ba ku canza mini suna."

Tela ya ce ƙarya ne, malamar Islamiyya ta ce ya daina rantsuwa a kan almara, aka wuce zuwa wata gardamar.

Bayan 'yan kwanaki, ina cikin aji, matarsa ta kira ni. Ba ta saba kirana lokacin makaranta ba, don haka tun kafin na ɗauka na san ba lafiya ba.

"Yaya, an zo gida nema nai," ta ce. "Wai an ji maganatai ga waya. Wai shi infoma na."

Na fita waje na jingina da bango. Duk wanda ke zaune a gabashin Sakkwato ya san nauyin kalmar nan. Infoma shi ne ɗan gari da ke kai wa ɓarayi labari, kuma wanda aka laƙaba wa ita ba kullum ake jira a ji ta bakinsa ba. Har yau ban san wanda ya fitar da saƙon daga guruf ba. Abin da na sani shi ne ya fita shi kaɗai, babu na gabansa babu na bayansa, ya bi wayoyi har ya isa ƙauyenmu, inda kowa ya san muryar mai shi. Ƙauyenmu a bakin gulbi yake, ruwa ya janye, kasuwar Gandi kuma ta matso. Wasu matan har sun ɗaure kaya sun tafi Rabah wurin dangi.

Maigari ya aika a ce ƙanena ya zo. Ya kira ni daga gona, karo na farko a rayuwata da na ji ya nemi shawarata.

"Yaya, in tahi ko in tsaya?"

Na ce in bai je ba za a ce ya gudu, kuma Inna da matarsa da 'ya'yansa suna can a tsakiyarsu. Na ce ya biyo ta Wurno mu tafi tare. Na faɗa da ƙarfin murya kamar na san abin da nake yi, alhali ban sani ba. Idan na kai shi da hannuna aka yi masa wani abu, da wane ido zan kalli Inna? Maigidana ya ce in je, in riƙe wayata da kyau, don duk hirar guruf tana ciki.

Washegari da safe muka shiga motar Rabah. Ba mu yi nisa ba wani fasinja a gaba ya ce, "Kun ji abin da aka cewa na Gandi?" Ya ciro waya ya kunna. Muryar ƙanena ta cika motar, da wannan fankamar tasa, yana cewa a canza masa suna. Shi kuwa yana zaune kusa da ni. Wata tsohuwa ta yi salati. Direba ya ce wanda ya san rana da hanya haka ai da shi ake ci, in aka kama shi kada a ɓata lokaci. Sai mai wayar ya waiwayo ya dubi ƙanena.

"Malam, kai ba ka ce komi ba. Mi kag gani?"

In ya buɗe baki, muryar da suka gama ji ce za ta fito. Na yi sauri na ce, "Haƙori ka yi mai ciwo, asibiti za mu." Ƙanena ya ɗora hannu a kunci. Aka yi masa sannu, tsohuwar ta ce ya riƙa tauna kanumfari. Mutumin da tun haihuwarsa ba a taɓa samun ya yi shiru ba, har muka sauka Rabah muka sake mota bai ce uffan ba.

Kawunmu ne ya tare mu a bakin gari ya wuce da mu zauren Maigari, bai bari mun shiga gida ba. Bayan azahar zauren ya cika. Akwai liman, da shugaban 'yan sintirin gari da mutanensa, da dattawa. A waje matasa sun taru, su ne suka fi ba ni tsoro, don ba sa magana. Aka shimfiɗa mini tabarma daga bakin ƙofa. Ƙanena ya durƙusa ya yi bayani, amma bayanin ya fito a hargitse, sarkin bokaye, asiri, ganuwa, kamar mai neman hanyar tsira. Na ga fuskoki suna ƙara ɗaurewa. Na nemi izini.

"Ranka shi daɗe, a bari in kunna abin da anka hwaɗi kahin tashi magana, da wanda anka hwaɗi bayanta."

Maigari ya ɗaga kai. Garin sauri na kunna saƙon da ba shi nake nufi ba, sai ga wata yarinya tana kukan an kashe mata dokin jarumi. Na nemo na daidai. Aka ji tela yana tambayar ta ina rundunar za ta shiga tunda ƙofofi da asiri. Aka ji ƙanena. Aka ji malamar Islamiyya tana yi masa faɗa. Sannan na kunna babin kansa, inda mai karatu ke kwatanta birnin da gulbinsa da kasuwarsa. Liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wani dattijo ya ce, "Ashe tatsuniya ta."

Amma akwai wani mutum a gefe da bai yi murmushi ba. Maƙwabcinmu ne tun muna yara, kuma bara aka ɗauke babban ɗansa a gona, har lokacin ba labari. Ya yi magana a hankali.

"Na ji littahi na. To amma mu ma muna da gulbi, muna da kasuwa. Kuma waɗanda sunka ɗauki ɗana, wani yan nuna musu gonata. In mutum na son aika saƙo ba a gane ba, ba sai shi ɓoye shi cikin tatsuniya ba?"

Ina da baki, duk wanda ya san ni ya san haka, amma ban iya yi wa mutumin nan gardama ba. Ban ji haushinsa ba ma. Tsoronsa na ji, da tausayinsa.

Maigari ya yanke cewa shi bai ga laifi ba, amma ƙanena zai zauna a gari har kasuwa ta ci ta watse, wayarsa kuma za ta kwana a zaure. Kowa ya gane abin da ba a faɗa ba. In kasuwa ta tashi lafiya, shi ke nan. In kuwa ba ta tashi lafiya ba, babu littafin da zai cece shi.

Na zauna har ranar. Ban taɓa ganin wuni mai tsawonsa ba. Inna ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone. Ƙanena ya zauna a ƙofar gida inda kowa zai gan shi, don kada a ce an neme shi an rasa. Duk babur ɗin da ya taso daga wajen gulbi sai na miƙe na leƙa, sai na ga mai kifi ne ko mai kai mata kasuwa. Ina addu'a Allah ya tsare garin, kuma a cikin zuciyata na san mutum ɗaya nake roƙa wa. Da la'asar 'yan kasuwa suka fara dawowa da buhunansu, suna ƙorafin ba a yi ciniki ba saboda mutane sun ji tsoro. Aka mayar masa da wayarsa. Da maƙwabcin nan ya zo wucewa ya amsa gaisuwarmu, sannan ya ce, "Wagga kasuwa ta wuce lahiya. Akwai wata."

Ƙanena ya koma Goronyo ya tarar da rabin albasarsa ta sha rana. Ya fita daga guruf bai yi sallama ba. Tela ya yi ta cigiyarsa, wai musu ya mutu tun da ya tafi. Ni na ci gaba da karantawa, sai dai duk ranar kasuwar Gandi wayata ba ta barin hannuna, har yau kuwa.

Littafin ya ƙare dab da faɗuwar damina. Rundunar ta gulbi ta shiga, ranar kasuwa, kuma tsohon bokan nan mai surutu ne ke kai musu labari. Guruf ya ɗauki zafi, masu yabo da masu cewa an cuce su, babu wanda ya ambaci wanda ya fara faɗa.

Da na je gida ganin Inna, na same shi a tsakar gida yana gyaran fartanya. Muka gaisa, muka yi zancen ruwa da iri. Can ya rage murya, bai ɗago ba.

"Yaya, littahin nan, ya ƙare?"

"Ya ƙare," na ce. "Yadda kac ce hakanan anka yi. Ko guda ba ka kuskure ba."

Na jira fankamar, wadda tun muna yara take ba ni haushi. A ranar kam, da na ji ta da na yi murna. Sai ya ajiye fartanyar, ya dubi katangar da ta raba mu da maƙwabta, ya dubi ƙofa.

"Don Allah, Yaya," ya ce, "kak ki hwaɗa ma kowa na hwaɗi daidai."