Jafaru Ya Ga Ganuwar Kano

Jafaru ɗan ƙanen mahaifina ne. Markub yake ɗinkawa a kasuwar Omdurman, takalmin fatar nan da dattawa ke sawa ranar Juma'a. Na girme shi da shekara huɗu, kuma tun muna yara babu abin da ya fi ni sai sa'a. Shekara arba'in yana rumfa ɗaya, basilla a hannu, zare a baki, ba faɗa ba hira. Hausarsa ma rabi ce, in ya ɗauko zance da ita, kafin ya dire ya gangara Larabci.

Ni Abdullah, ni na zauna gaban kakarmu, Habboba Barira, lokacin da shi yake waje yana buga ƙwallo. Uwarta ce ta fito daga Kano a ƙasa da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya a bakin Nilu. Daga bakin Habboba na haddace ƙofofin birnin: Ƙofar Mata, Nasarawa, Na'isa, Kabuga, Mazugal, har ƙarshensu. Na san tsayin ganuwa, na san ramin da ke bayanta, na san da magariba ake rufe ƙyaure.

Wannan sanin shi kaɗai nake da shi a unguwarmu ta Umbadda. Duk Juma'a bayan la'asar ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, in an taɓo zancen asali ni ake kallo. Baƙo in ya zo, ni ke kai shi bakin kogi ya ga tawabi, guntayen katangar lakar nan ta zamanin Mahadi masu kafofin bindiga. In ya gama yabawa sai in taɓe baki in ce, "Wannan ai katangar garken awaki ce. Je ka ga ta Kano." Ɗaliban Najeriya da nake kaiwa sukan sunkuyar da kai su yi murmushi. Na ɗauka ladabi ne.

Ɗaya daga cikinsu, Musaddiq, shi ya auri Sulafa 'yar Jafaru. 'Ya'ya mata uku gare ni, a tabarmata yaron ya sha shayi shekara biyu, amma ya tsallake ƙofata ya tafi gidan mai takalmi. Da Sulafa ta haihu a Kano, sai ga tikitin jirgi an aiko wa Jafaru, mutumin da bai iya lissafa ƙofa uku ba. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ƙyashi ne, ba na ɓoyewa.

Duk da haka na je na yi masa huɗuba, don kada ya kunyata zuri'a.

"In kun sauka da yamma kada ka tsaya shan shayi," na ce masa. "Ka shiga gari kafin magariba, in ba haka ba a waje za ka kwana. Ka nemi sarkin ƙofa ka gaishe shi, ka ce jikan Barira ne."

"Tamam, Yaya," ya ce, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba.

Wata guda ya yi. Juma'ar da ya dawo tabarma ta cika, har waɗanda ba sa zuwa sun zo, kuma ba wanda ya kalli inda nake. Na san in ya faɗi kalma ɗaya saɓanin tawa, shi ke nan, an daina tambayata. Malam Sharfuddeen, babban cikinmu, ya gyara zama.

"Ya Jafaru, yaya ganuwar? Haka take yadda Abdullah ke faɗa?"

Jafaru ya kurɓi shayi. "Wallahi, ya Malam, yadda Yaya ya faɗa. Ni sunayen ma ba su zauna mini ba. Ku tambaye shi."

Idanu suka dawo kaina. Ranar na jero ƙofofin da murya sama da ta kullum.

Washegari na shiga gidansa yin barka. Matarsa Fadila ta miƙo mini waya in ga hoton jariri, ni kuma yatsana ya wuce gaba. Sai ga Jafaru tsaye gefen wani tudun jar ƙasa da ruwa ya zaizaye, da kaɗan ya fi shi tsayi, awaki a kai, ledoji a gindi. Hoto na gaba ƙofar siminti ce, titi ya ratsa ta, motoci na shiga suna fita, ko alamar ƙyaure babu. A samanta an rubuta ɗaya daga cikin sunayen da na haddace.

Ban tsaya shan ruwa ba, na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, sai kasuwa wajen Jafaru.

"Me ya sa ka yi ƙarya gaban dattawa?"

Ya cire zaren daga bakinsa. "Na bi maganarka, Yaya. Na ce wa direba ya yi sauri kar a rufe ƙofa. Dariya ya yi har sai da ya tsaya gefen titi. Wasu wuraren ganuwar na nan, amma yawanci gidaje ne."

"To me ya hana ka faɗa jiya?"

"Ni na je na gani, kalas, ya ishe ni. Kai kuma in na faɗa, me za ka ce musu ranar Juma'a?"

Ya mayar da zaren bakinsa ya ci gaba da ɗinki, kamar ba shi ya yi maganar ba.

Ya kamata in gode masa. Ban gode ba, kuma har yau ban gode ba. Suruki ya samu, tafiya ya samu, yanzu ga shi hirar ƙofar gidana ma da yardarsa nake yin ta. Har yanzu in an taɓo zancen Kano ni ake kallo, ina kuma jero ƙofofin ba gargada. Jafaru na can bakin tabarma da kofinsa yana gyaɗa kai, ni kuwa ba na iya juyawa ta wajensa.